Ba aiki, ga haya, ga zakka: yaya zan yi?

'Yan'uwa a cikin Kristi, ina gaishe ku da sunan Yesu. Ni ɗan Kaltungo ne, ina zaune a Gombe da iyalina. Makarantar kuɗi da nake koyarwa ta rage mu bayan cire tallafin man fetur a 2023, don iyaye sun kasa biya. Tun lokacin nake yawo da takarduna, shiru. Ƙosan da matata ke soyawa a bakin titi shi ke riƙe gidan, ga mai gida ya fara aike kan kuɗin haya.

Na san abin da Matiyu 6 ya faɗa game da tsuntsayen sama, cewa Allah ne ke ciyar da su, har yara nake karanta wa a addu'ar safe. Amma ranar da na ga matata tana auna garin masara tana rage nata kason, bakina ya yi nauyi, addu'a ta ƙi fita.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu da ake kaiwa ikilisiya. Ribar ƙosai ba ta isar mu ko sayen abinci. Wani dattijon ikilisiya ya ce in fitar ko ta halin ƙaƙa, ya kawo Malakai 3:10. Wani kuma ya nuna mini 1 Timoti 5:8, cewa ciyar da iyali wajibi ne. Wanne zan bi? Sannan abokina zai ba ni babur in yi acaba, amma har ranar Lahadi sai na kai balas. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.