Inji na tashi, sarƙa ta ƙi juyawa: abin da masu yankan katako suka gani

Sabon Hannu, Lafiya: Salamu alaikum iyayen gida. Injin yankan katako ne, Stihl MS 381. Ja biyu yana tashi, silo lafiya lau, amma in an ba shi wuta sai gurnani, sarƙa ko motsi. Kwanon kulochi har ya fara ɗumi. Wani ya ce in kai a buɗe kafireta. Daga ina ake farawa?

Usta Mai Inji, Jalingo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bari a taɓa kafireta tukuna, kuma ka daina ba shi wuta a haka. Fara da birki. Wannan garkuwar da ke gaban hannun hagu, in ta faɗa gaba, wata ɗamarar ƙarfe ce take shaƙe kwanon kulochi, wanda shi ke juya sarƙa. Kashe inji, ka jawo garkuwar baya wajen mariƙi har ka ji ƙas. Sannan ka sa safar hannu ka ja sarƙa daga sama zuwa bakin allo, wato dogon ƙarfen da take zagayawa a kai. In ta tafi, magana ta ƙare. Wanda ya saba da tsohon injin Stihl 070 yakan faɗa wannan ramin, don shi ba shi da birkin sarƙa, hannu bai saba dubawa ba.

Ɗumin da ka ji kuwa takalman kulochi ne ke gogar kwanon da aka riƙe. Ɗan lokaci kaɗan a haka kwano yake komawa shuɗi, sifirin su saki, robar da ke kusa da shi mai tuƙa famfon mai ta narke.

Sabon Hannu, Lafiya: Usta na jawo, ta yi ƙas ɗin, amma sarƙar ko da hannu ba ta tafiya.

Makaniki, Panteka Kaduna: To yanzu sai a raba gardama gida biyu. Kwance noti biyun murfin da ya riƙe allo, cire allo da sarƙa gaba ɗaya, ka juya kwanon kulochi da yatsa. In ya juya sumul, laifin yana wajen allo ko sarƙa, ba ruwan inji. In ya cije, laifin yana wajen birki, boris ko kulochi. Wannan gwajin na minti biyu ya fi duk wani hasashe, kuma yawancin injinan da ake kawo mana a ɓangaren farko suke faɗawa.

In kwano ya juya, ɗora sarƙar a kan allo a hannunka ka zagaya da ita. Inda ta tsaya, nan ciwon yake. Abu huɗu na fi gani. Ɗaurin da ya yi yawa, musamman sarƙar da aka ɗaure tana da zafi. In ta huce sai ta tsuke ta kama allo kamar an yi mata walda, shi ya sa ake sassauta ta bayan an tashi aiki. Sai kwarmin allo da ya cika da garin katako da mai har ya daskare. Sai leɓen kwarmin da itace ya matse, za ka ga wurin ya yi sheƙi ko ya ƙone. A sa bakin sukundireba mai faɗi a buɗa a hankali. Na huɗu, ɗan tauraron da ke bakin allo ya cije saboda ɓawo ko zaren buhu. Jiƙa shi da kananzir, ka motsa shi gaba da baya. In ka ji yana ƙaras-ƙaras, boris ɗinsa ya watse, sai sabon allo.

Baba Mai Sarƙa, Mokwa: Makaniki ya bar ɗaya, kuma ita ce ke wahalar da yara. In sarƙa ta taɓa zamewa daga allo ana cikin aiki, ƙafafunta, waɗannan da ke shiga kwarmi, sukan bugi sufuroket, wato ƙarfe mai haƙora da ke jan sarƙa, su yi kunne. Da ido ba ka gani sosai, sai ka shafa da farce. Uku ko huɗu kawai sun isa su hana ta tafiya. A kwantar da sarƙa a kan benci, a goge gefen kowace ƙafa da magagari mai faɗi har ta shiga kwarmi ba tilas. Wadda ta lanƙwashe kuwa a cire ta a sa sabuwa, kada a miƙe da guduma.

Sai maganar lamba. Mutum ya je kasuwa ya ce a ba shi sarƙar inci 20, shi ke nan. Tsawo kaɗai ba ya isa. Akwai tazarar haƙora: .325, da 3/8, da .404 irin ta 070. Akwai kaurin ƙafa: milimita 1.3, 1.5, 1.6. Stihl irin naka 3/8 ne da 1.6, allon inci 20 yana cin ƙafa 72. Husqvarna da yawa 1.5 suke ci. Ka ga in aka cusa sarƙa 1.6 a kwarmin 1.5, cijewa za ta yi. In kuma tazara ta saɓa da sufuroket, sai ta hau kan haƙoransa ta tsaya. Lambobin suna rubuce a gindin allo, a goge a karanta kafin a biya kuɗi.

Ɗan Gembu: Masu injin Caina 5200 da 5800, da masu Husqvarna, ku kula: ɗamarar birkinku a jikin murfi take. In ka cire murfi birki na kulle, ba zai koma ba, in kuma ka danna shi da ƙarfi ka ɗaure noti, kwano ya kame. Sai an sake buɗe birkin kafin a mayar.

Makaniki, Panteka Kaduna: Haka ne. Mu koma ɗaya ɓangaren, in kwano ya cije ko kuma yana juyawa da hannu amma inji ba ya jan sa.

A yawancin Stihl kwanon yana waje. Ɓalle ɗan kilif ɗin da sukundireba, ka tare shi da yatsa don tsalle yake ya ɓace a ciyawa, cire washa, zare kwano. A ciki akwai ɗan boris mai allurai. In ya bushe ko ya farfashe, canza shi, ka shafa giris kaɗan. Duba bayan ɗamarar birki, garin katako yakan cushe wurin ya hana ta buɗewa duka ko da garkuwa ta yi ƙas. Duba takalman kulochi guda uku da sifirin ɗinsu. Sifirin da ya karye yakan sa sarƙa gudu a silo, amma guntunsa kan maƙale tsakanin takalmi da kwano. Takalman da suka cinye ko suka sha mai kuwa, inji zai yi ta ihu, sarƙa na tafiya a iska, da ta taɓa itace ta tsaya. A wanke da fetur. In bai daina ba a canza kulochin.

Wajen kwance kulochi: ɗaurin hagu gare shi. Yadda hannun agogo ke tafiya ake kwance shi. Cire filogi, ka tura igiya mai tsabta ta ramin don ta tare fistin, amma ka bari fistin ya hau ya rufe ƙofar salansa tukuna, kada igiya ta shiga can ta guntule. Wajen mayar da kwano, a yawancin Stihl akwai ɗan tsagi a bakinsa da wayar famfon mai ke shiga. In ba su haɗu ba, mai ba zai hau ba, gobe ka dawo da sarƙa a ƙone.

Sufuroket kuma, in sawun da sarƙa ta ci a jikinsa ya wuce rabin milimita, ya gama. Ƙa'ida sarƙa biyu, sufuroket ɗaya.

Usta Mai Inji, Jalingo: Tunda an zo kan mai. Baƙin man da aka juye daga mota shi kowa ke zubawa don araha, na sani. Amma da ƙurar ƙarfe a cikinsa, yana toshe matatar tanki da ɗan ramin mai na jikin allo, yana kuma cin famfo. In dole ne, a tace da ƙyalle. Gwaji: nuna bakin allo ga kututture, tazarar kamar taƙi ɗaya, ba shi wuta rabi. Ka ga layin mai ya fito. In babu, sarƙa za ta yi zafi ta kumbura ta tsaya tsakiyar yanka, bayan ta huce ta sake tafiya. Zurfin kwarmi ma a auna: 3/8 kada ya gaza milimita 6, .404 kada ya gaza 7, in ba haka ba ƙafafu na dukan ƙasa.

Kafireta sai a ƙarshe, in inji na mutuwa ko yana shaƙewa da an ba shi wuta, ya kasa kai gudun da kulochi zai buɗe. Ko a nan ma, a fara da matatar iska, musamman da hunturu, da ragar salansa da hayaƙi ya toshe.

Sabon Hannu, Lafiya: Allah ya saka da alheri. Na cire allo, kwano na juyawa da yatsa. Sarƙar ce: ƙafa biyar sun yi kunne kamar yadda Baba ya faɗa, kwarmin kuma cike da gari. Na goge, na share, yanzu tana zagayawa. Sai dai kwanon ya ɗan yi shuɗi a gefe.

Makaniki, Panteka Kaduna: Ɗaura komai, ɗaga bakin allo sama yayin da kake ɗaure noti, sarƙa ta kwanta a cikin allo amma tana jawuwa da hannu. Tayar ka bar shi a silo. In sarƙa ta tsaya cik, sifirin sun tsira. In tana rarrafe, sayi saitin sifirin uku ka canza su tare, kuma ka leƙa robar famfon mai tun kwanon yana waje.