Musayar Waƙa: Watan Yuni a Lambunan Karkarar Ingila

Hajiyar Kent:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Birtaniya. Na buɗe da ƙwar biyar, babban amsa-amo "wa". Mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah Sarki na fara,
Mai fid da tsiro a birni da karkara,
Sanyi ya kau, ga farkon bazara,
Ku fito daga ɗaka, ku daina jira,
Wardi ya soma buɗewa.

A Sissinghurst ta Kent akwai hasumiya,
Kango ce a da, sai ciyawa da ƙaya,
A 1930 marubuciya Vita ta saye ta gaba ɗaya,
Ita da mijinta Harold suka sha wuya,
Har ta zam wurin zuwan kowa.

Shinge ya raba lambun ɗaki-ɗaki,
Ka bar wannan, na gaba ya ba ka mamaki,
A Farin Lambu ne ni na ja birki,
Fure fari tas, ganye toka-toka, ba ja ba baƙi,
Wardi ya hau rumfa yana zubowa.

Ɗan Fadama:
Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan manomin rani ne, ga abin da ke raina.

Hajiya, ni a fadama na tashi,
Mun san lambu da abin da ke cikinshi,
Albasa, tattasai, a kai kasuwa a biya bashi,
Eka guda a bar ta don ƙamshi?
Zuciyata ta kasa amincewa.

Ba raini ba ne, tambaya nake yi,
Ga taki, ga ban-ruwa, ga aiki mai nauyi,
A yi ta dashe cikin tsananin sanyi,
Sannan fure ya zube, wace riba aka yi?
Ku ba ni amsa mai gamsarwa.

Nas ɗin Dare:
Baba, bari 'yarka ta amsa, don maganar ta shafi aikinmu.

Baba, a 1927 aka soma,
Masu lambu suka buɗe ƙofa ga al'umma,
Sule guda ka shiga, ka zaga, ka koma,
Kuɗin na masu aikin jinya ne da ke fama,
Gida-gida majinyata suke dubawa.

Har yau wannan tsari bai mutu ba,
Allo rawaya na bakin titi, in ka duba,
Ka sha shayi da kek, ba da tsada ba,
Kuɗin ya tafi gidajen jinya, ka ga riba,
Har masu ciwon daji na samun kulawa.

Dijitalis, dogon fure, ka san labarinsa?
Ƙararrawa shunayya jere a jikinsa,
A 1785 likita Withering ya rubuta amfaninsa,
Maganin zuciya ake samu a ganyensa,
Amma guba ne, a hana yara taɓawa.

Ɗalibin Bangor:
Yaya Nas, Allah Ya saka da alheri. Ni daga arewacin Wales nake, zan zo da ƙwar biyu.

Lambun Bodnant na gefen kogin Conwy,
Can ma akwai abin dubawa.

Rumfa ce mai tsawon mita 55,
A 1880 aka yi dasawa.

Furen laburnum rawaya na reto,
Ta ƙarƙashinsa kake wucewa.

Ƙudan zuma na ta kai-komo,
Amonsu tun daga nesa kake jiyowa.

Mako biyu ko uku yake yi,
Daga ƙarshen Mayu, sai zubewa.

Baba, kamar margar dajinmu yake,
In ta yi fure gab da ruwan farko na saukowa.

Da na tsaya a tsakiyar rumfar,
Tasbihi bakina ya yi ta furtawa.

Ɗan Fadama:
Allah Ya yi muku albarka ku biyun.

Ɗana, da ka ce marga ka taɓo ni,
Na san ta a dajinmu ƙarshen rani,
Saiwarta muke haƙa don magani,
Amma in ta yi rawaya, sai an tsaya gani,
Har mai saurin zuwa kasuwa.

'Yata, batun jinya ya zauna,
Na sha ganin allon nan da idona,
Hajiya, yanzu wane lambu za ki nuna?
Asabar ina hutu, ni da iyalina,
Muna son inda fure ke kan buɗewa.

Hajiyar Kent:
Madalla, Malam. Rumfar Bodnant ta gama tata bana, sai baɗi in da rai. Ga inda zan aike ka, kuma jirgin ƙasa na tsayawa kusa, a tashar Mottisfont da Dunbridge.

Malam, ka nufi Mottisfont da wuri,
A Hampshire, gefen kogin Test, bayan gari,
Cikin katangar bulo, tsohon wardi iri-iri,
Graham Thomas ya tara su, ya yi musu tsari,
A shekarun 1970, gudun ɓacewa.

Sau ɗaya a shekara suke fure yawanci,
Yuni in ya wuce, an rasa lokaci,
Ƙamshinsu ya fi tashi da yammaci,
Ka yi la'asar a can, ba gaggawa ba ƙunci,
Sai bayan tara rana ke faɗuwa.

Ka tafi da dadduma, ka riƙe laima,
Yayyafi kan sauko ko da rana na sama,
Mai atishawar fure ya sha magani kafin ta kama,
Yara su bi a hankali, akwai ƙudan zuma,
Ka dawo da baitoci, mu ne masu amsawa.