Zango ko maratsa? Sunan wuraren da jirgi ke bi kafin ya sauka

1/ Jama'a, kalma ɗaya ta hana ni sakat: waypoint. Idan hazo ko gajimare ya rufe titin sauka, matuƙi ba ya ganin ƙasa, sai ya riƙa bin wasu wurare a sararin sama, wannan bayan wancan, har su kai shi bakin titi. Me za mu kira su?

2/ Wuyar ita ce, babu komai a wurin. Tsohon tsari na'urar rediyo ce kafe a ƙasa, jirgi ya bi ta. Waɗannan kuwa lambobin taswira ne kawai a cikin kwamfutar jirgi, taurarin ɗan adam irin na GPS, aƙalla 4, su ke nuna masa inda yake. Da yawansu suna da suna mai harafi 5, bisa tsarin ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, don a iya furta shi a rediyo.

3/ An ba ni "zango". Akwai daɗin faɗi, amma a zango sauke kaya ake yi a huta, jirgi kuwa ko daƙiƙa ɗaya ba ya tsayawa. "Alama" ido take so. "Mahaɗa" sai hanya biyu sun gamu.

4/ Ni dai na tsaya a kan "maratsa", daga ratsa, ginin kalma irin na "mashiga" da "mafita". Jam'i maratsai.

5/ Na gwada ta, ta ɗauki kaya. Maratsar farko, inda ake shiga tsarin sauka. Maratsar gangara, galibi kimanin mil 5 na ruwa (wajen kilomita 9) daga titi, inda jirgi ke yo ƙasa a kusan digiri 3. Sai maratsar fasawa: in ya iso nan bai ga titi ba, ya ƙara wuta ya koma sama.

6/ Wani malamina ya ja ni: ai akwai waɗanda jirgi ba ya bi ta kansu, tun kafin ya iso yake shan kwana. Gaskiya ne, Malam, a nan kalmar ta ɗan yi rauni. Shi ya sa na raba su: maratsar kwana, da maratsar dole, wadda sai ya haye ta kafin ya juya. Ta fasawa yawanci ta dole ce.

7/ Matuƙa da masu fassarar labarai, ku faɗe ta da ƙarfi ku ji. Ta zauna a baki?