Tirelar ruwan maple na neman kifar da ni

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina aiki a gonar maple (itacen da ake tatsar ruwansa a dafa ya yi kauri da zaƙi kamar zuma) a Kebek, Kanada, ni ke jan tankin lita 500 da babur mai ƙafa huɗu. In tankin bai cika ba ruwan sai tambal-tambal yana tura ni a gangara birki ya ƙi kamawa, in na cika shi kuma tayoyi su nutse a laka don ƙanƙarar Maris ta fara narkewa. Jiya rabi ya zube, kuma sai an dafa kusan lita 40 ake samun lita 1 na mai kaurin, wallahi ya min ciwo. In sa shinge cikin tankin ne ko in riƙa sawu biyu? Ruwan ba ya jira, da ya ji ɗumi zai yi tsami.