Ihun da aka yi wa yaranmu jiya a fili

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Tun daren jiya ake kirana wai ni na fara yi wa yaran kulob ɗinmu ihu a filin ƙwallo. E, ni na fara, kuma ban yi nadama ba. Wasa biyar ke nan a jere ba mu yi nasara ba, jiya kuma an biyo mu har gida an zura mana biyu babu ko ɗaya. Ba cin da aka yi mana ne ya ƙona min rai ba, ƙwallo ce, yau gare ka gobe ga wani. Abin da ya sa na miƙe na ce "ba mu yi" shi ne yaran nan ba sa sa zuciya. Lokacin ƙwallo ta biyu, mai lamba 8 tafiya yake kamar ɗan rakiyar amarya, mutumin da ya kamata ya riƙe ya wuce shi yana kallo. Na ajiye kabu-kabuna tun kafin La'asar, na bar cinikin yamma, na biya kuɗin ƙofa. Wanda ya biya yana da bakin magana.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ni ban yi ihu ba, shekaruna sun wuce nan, amma ban ga laihinka ba, yaro. Abin da munka gani jiya, ɗiyan makaranta sun hi haka. Farkon kaka ni nis sai ma yaran ga takalma da ƙwallaye, ban nemi a gode min ba. Amma wanda yac ci ladan kuturu dole shi yi mai aski.

Ɗan Gunners: Ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ko a Turai ana yi. A Bernabeu, filin Real Madrid, har Ronaldo an yi wa fito, mutumin da ya fi kowa ci wa Real Madrid ƙwallaye a tarihinta. Su wane ne yaranmu da ba za a taɓa su ba?

Mai Gidan Kallo: Ɗan Gunners, tunda kai ka ɗauko Turai, bari in tuna maka na gidanku. Oktoba 2019, Arsenal tana cin Crystal Palace biyu a Emirates aka farke duka, aka tashi 2-2. Da aka cire Xhaka, kyaftin ɗin Arsenal, 'yan kallo suka yi masa ihu, ya sa hannu a kunne, ya cire riga ya shige ciki. Koci Emery ya ƙwace kambun kyaftin daga hannunsa. A gidan kallona kuka zauna kuna cewa bai iya ba, ba ya kishin riga. Wannan Xhakan ne ya koma Leverkusen a 2023, suka ɗauki Bundesliga a 2024 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba.

Ɗan Gunners: To ai ka ba ni hujja da bakinka. Ihun ne ya farkar da shi.

Mai Gidan Kallo: Ihun ya kusa korarsa dai. Ya riga ya haɗa kayansa, sai da sabon koci Arteta ya zo a Disambar shekarar ya zaunar da shi ya lallashe shi. Koci ne ya gyara abin da kuka ɓata.

Tsohon Gola: Ku ba ni dama, ni ma ina filin jiya, a bayan raga nake zaune kamar kullum. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron gida, na buga a filin Giginya yana cike, an yi min tafi an kuma yi min ihu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ɗan Mabera, ɗana, ka ga mai lamba 8 yana tafiya, gaskiya ne, ni ma na gani. Amma ka ga minti biyun da suka gabaci wannan tafiyar? Mun samu kwana, ya hau. Aka fitar da ita, shi ya biyo ta a guje har tsakiyar fili ya ƙwato. Aka sake zubar da ita, ya sake komowa. Gudu na uku ne ƙafa ta ƙi. 'Yan tsakiya uku ne a filin, ina sauran biyun? Koci ya tura su gaba neman farkewa, aka bar mutum ɗaya da gonar mutum uku. Ɗan kallo ƙwallo yake bi da ido, duk inda ta faɗi nan yake ganin mai laifi.

Sannan ku tuna inda muke. Wasan ƙarfe huɗu ne a Sakkwato, a watannin da zafi ke haura digiri 40. Ɗan tsakiya a manyan ƙungiyoyi yana cin kilomita goma ko sha ɗaya a wasa guda, kuma yana da likita, da mai kula da abincinsa, da wata 'yar riga mai na'ura a bayansa da ke ƙirga kowane taku. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, wasan Holan da Meziko, sai da alƙalin wasa ya tsayar da su suka sha ruwa saboda zafi. Namu ledar fiya wata ake jefa musu daga bakin layi. A Turai in koci ya ce ɗan wasa bai yi gudu ba, lamba yake nuna masa. Mu da me muka auna?

Abin da ya fi damuna kuma shi ne wanda ba wanda ya faɗa. Bayan an fara ihun, kun lura ba mai neman a ba shi ƙwallo? Kowa ya laɓe bayan abokin hamayya. Wanda ta faɗo masa sai ya ɗaga ta sama ya rabu da ita, don kada ta lalace a ƙafarsa a kira lambarsa. Daga kan benci wannan kamar lalaci ne. Wallahi tsoro ne, na san shi, na taɓa tsayawa a raga ina addu'ar kada a maido min ƙwallo baya. Ɗan wasan da ya tsorata da wanda bai damu ba, daga nesa kamarsu ɗaya.

Ɗan Mabera: Kawu, ina girmama ka, kuma ka fi ni sanin cikin fili. Amma in haka ne yaushe ɗan kallo zai yi magana? Wasa na farko mun yi tafi, na biyu mun ce a yi haƙuri, na uku har rakiya muka yi musu zuwa mota. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ko makaɗi ma yana yabo yana zambo.

Malam na Kanwuri: Makaɗi yana zambo, amma abokin gāban ubangidansa yake yi wa. Ka taɓa zuwa gidan dambe ka ga an kai ɗan dambe ƙasa a turmin farko, makaɗinsa ya juya kalangu yana yi masa dariya? Zuga shi yake, yana kiran kirarinsa da na gidansu har tsuma ta tashi.

Ni abu biyu nake rarrabewa. Ka ce "ba ku yi wasa mai kyau ba", wannan ido ya gani, kowa shaida ne. Ka ce "ba ku sa zuciya", nan ka shiga abin da ke cikin ƙirjin mutum. Wani sashe na zato zunubi ne, duk mun karanta. Jiya ma ba a tsaya nan ba, na ji da kunnena ana cewa sun sayar da wasa. Wa ya ga kuɗin? Wa ya ga mai bayarwa?

Ɗan Gunners: Malam, da wannan sai mu rufe baki gaba ɗaya. Ƙwallo ba makarantar allo ba ce.

Mai Gidan Kallo: Ba wanda ya ce ka rufe baki, amma bakin nan yana da nauyi. Liverpool ta yi wasa 68 na Firimiya a Anfield ba a doke ta ba. Lokacin korona da aka hana 'yan kallo shiga, Burnley ta zo ta karya tarihin a Janairu 2021, har da wannan wasan, sau shida a jere aka ci su a gida.

Ɗan Gunners: Van Dijk yana jinya lokacin, 'yan bayansu duk sun karye. Kada ka ɗora komai kan 'yan kallo.

Mai Gidan Kallo: Na yarda, rauni ya taka rawa. To ka ga kai ma da kanka ka nemo wa Liverpool uzuri ba ka ce ba sa sa zuciya ba.

Yayan mai lamba 8: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, da yawanku ma ba ku san ina ciki ba. Yaron da ake magana a kansa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba zan ce ya yi wasa mai kyau jiya ba, shi ma bai ce ba. Amma ga abin da ba ku gani daga benci. Da asuba yake fita gareji, yana ƙarƙashin mota har Azahar, sannan ya wanke hannu ya tafi atisaye. Alawus ɗin da aka yi musu alkawari, wata uku ke nan ba su ga ko sisi ba. Idon sawunsa a kumbure yake tun wasan da ya wuce, na ce ya huta, ya ce in bai buga ba za a ce ya gudu don ana cin su. Da bandeji ya shiga.

Ihun bai dame ni ba kamar wanda ya kira sunan mahaifiyarmu ya zage ta. Ƙanenmu ƙarami yana wurin, shi ya kai labarin gida. Tsohuwa ta ce daga yau ya bar ƙwallo, ba ta haifi ɗa don a riƙa ambatonta a fili ba. Jiya bai ci tuwo ba.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Subhanallahi. Wata ukku? Ni an ce min ana biyansu duk ƙarshen wata. In haka na, na janye karin maganar da niy yi, ba su ci ladan kowa ba. Ka ba tsohuwa haƙuri, ka ce mata ina nan tahe da kaina.

Ɗan Mabera: Yaya, Allah shi ne shaidata ban zagi uwar kowa ba, kuma wanda ya yi bai kyauta ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Maganar rakiyar amarya da na yi, na janye, ka roƙa min shi gafara. Ban san yana da ciwo ba.

Amma ku dubi wani abu. Da ba mu yi ihu jiya ba, da yau wa zai san ba a biya su ba? Wata uku muna tafi, masu kulob suna jin daɗin shirunmu. Alhaji da kansa sai yanzu ya ji.

Tsohon Gola: Nan ka zo da magana mai nauyi, ba zan ƙaryata ka ba. Shiru ma cuta ne. Sai dai duba wanda ihun ya sauka a kansa. Waɗanda suka riƙe kuɗin suna rumfa a inuwa, kafin a hura tashi sun shiga mota. Yaron da ke bin su bashi shi ya tsaya a rana ya karɓa.

Mai Gidan Kallo: 'Yan Manchester United da suka gaji da iyalan Glazer masu kulob ɗin a 2010, gyale mai kore da ruwan zinare suka riƙa ɗaurawa, launin kulob ɗin na asali tun yana Newton Heath. Suna rera wa 'yan wasa waƙa, suna nuna wa masu kulob fushi, duk a wasa ɗaya. Ba sai an haɗa su a tukunya guda ba.

Ɗan Gunners: Kuma har yau Glazer suna nan. Kakar 2024/25 United ta ƙare ta 15 da maki 42, an doke ta sau 18. Gyale bai ci ƙwallo ba.

Malam na Kanwuri: Ihu ma bai ci ba. Abin da nake tsoro shi ne inda yake kaiwa in ba a taka masa birki ba. Ku tuna Maris 2022 a Abuja, da Ghana ta yi 1-1 da Najeriya ta hana mu zuwa gasar cin kofin duniya a Qatar. Daga ihu aka faɗa cikin fili ana farfasa kaya, FIFA ta ci tararmu, ta ce mu buga wasa guda ba 'yan kallo. Bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairu 2024 kuma, da Kwaddibuwa ta ci mu 2-1, aka taru a kan ɗan wasanmu Iwobi a intanet har ya goge hotunansa na Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi mutane su bari. Kullum mutum ɗaya ake zaɓa a ɗora masa laifin goma sha ɗaya. Jiya na ga ledar ruwa biyu sun faɗa cikin fili. Daga leda sai dutse.

Ɗan Mabera: Jifa ba na cikinta, Malam, in na ga mai yi ni zan fara riƙe hannunsa. Amma ba zan yi muku alkawarin ba zan sake cewa "ba mu yi" ba. In an biya su, an ba su hutu, suka sake yin irin na jiya, zan faɗa. Lambar kowa dai ba zan ƙara kira ba.

Tsohon Gola: Ni kuma ba zan yi ba ko an ci su goma, a nan muka rabu. Amma ka zo atisaye ranar Talata ƙarfe huɗu, ka tsaya kusa da ni a bakin layi, ka zaɓi yaro ɗaya ka bi shi da ido minti ashirin ba tare da ka kalli ƙwallo ba. Bayan nan ka faɗa min abin da ka gani.

Ɗan Mabera: Zan zo, Kawu, in Allah ya yarda. Yaya, in ƙafar ba ta sauka ba, ka kira ni gobe da safe in kai shi wurin mai ɗori ko asibiti, duk wanda kuka zaɓa, ba sai ya biya ba.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Asibiti za a kai shi, a yi hoto, ni ka biya. Kuma wanda yas san mai riƙe da littahin alawus ɗin ga, shi turo min lambatai ta gefe. Talata ni ma ina zuwa, ina son a buɗe shi gaban yaran.