Na sa zuma a gato ya ƙone, ku ba ni shawara

Amaryar Zariya: Assalamu alaikum ƴan zaure. Jiya na sa zuma maimakon sukari a gato (kek), kofi guda cif. Kafin minti 20 sama ya yi baƙi ƙirin, tsakiya kuwa ɗanye sharaf. Ƙwai shida suka tafi a banza. Dan Allah ina na kuskure?

Tanti Mai Gato: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Zumar ce ta yi yawa, wutar ma haka. Zuma ta fi sukari zaƙi, kuma tana da ruwa a jikinta, wajen kashi 17 cikin 100. Inda kike sa kofi guda na sukari, ki raba kofin huɗu ki zuba uku na zuma, ki rage madara babban cokali uku. Ki ƙara ɗan bikarbonat, kwatan ƙaramin cokali, don zuma na da tsamin da harshe ba ya ji. Sannan ki sassauta wuta da digiri 15. Ni da nake gashi a tukunya da yashi, garwashin kan murfi nake ragewa. Zuma ba ta son gaggawa, amma in kin dace, gatonki zai kwana uku da laushinsa ko cikin hunturu.

Inna ta Bagalam: Ƴaƴan yanzu! Mu da muka tashi, alkakin biki a zuma ake tsoma shi da zafinsa, sai ka ga yana ƙyalli. Tsadarta ce ta sa aka koma dafa sukari da tsamiya.

Malam na Mokoyo: Gaskiyarki Inna, zuma ta riga sukari shiga abinci nesa ba kusa ba. Akwai wani kogo a Sifen da aka zana mutum yana ɗibar zuma, zanen ya kai shekara wajen 8000. A Masar kuwa tun zamanin Fir'aunoni suna kiwon ƙudan zuma, suna yin waina da ita. Ga kuma Suratun Nahli, aya ta 69, inda Allah Ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane.

Amaryar Zariya: Allah Ya saka da alheri. To ina zan samu mai kyau? Tawa ta daskare a kwalba, na fara zargi.

Tanti Mai Gato: Daskarewa ba shaidar haɗi ba ce, ta gaskiya ma tana yi da sanyi. Ki sa kwalbar a ruwan ɗumi, kar ki ɗora ta a wuta.

Yaya Direba: Ki nemi ta wajen Madarumfa ko dajin Baban Rafi a jihar Maradi, gun masu amya da kansu. Ki ce a ba ki da saƙarta ki tace a gida. Jibi ina da lodi can, in kina so ki aiko da galan.

Inna ta Bagalam: Kar dai ki lasa wa jaririn nan naki sai ya cika shekara, haka likitoci suke gargaɗi.

Amaryar Zariya: To Inna, na ji. Yaya, lita biyu nake so, yaro zai kawo galan ɗin gobe bayan la'asar.