Kare da mage a gida ɗaya: zaman doya da manja ne?

Baban Sadik, Hayin Dogo:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana Hajiyarmu ta yar mini ranar Juma'a, har yau tana cina, shi ne na ce bari in kawo ta gaban masana.

A gidana akwai mage, akwai kare. Magen ce ta riga zuwa. Mai ɗakina ta karɓo ta tana 'yar mitsitsiya saboda ɓerayen da suka addabi buhunan masara a sito. Shi kuwa karen, sai da aka haura mana katanga sau biyu, aka kwashe kaji aka haɗa da janareto, sannan na samo shi kwikwiyo wajen wani abokina a Bomo. Yara suka sa masa Duna don baƙi ne wuluk. Makon farko an sha kallo. Ya nufe ta da wasa, ta gantsare baya, gashinta ya miƙe, ta sakar masa yakushi a hanci. Tabon yana nan har gobe.

Yanzu shekara biyu ke nan. Da hunturun nan in na fito alwalar asuba sai in tarar da su a gindin murhu, inda toka ke da sauran ɗumi. Duna ya naɗe, ita kuma ta cusa kai a tsakanin ƙafafunsa tana barci. Da Hajiya ta zo daga cikin gari sai na nuna mata, na ce, "Hajiya, kin ga ikon Allah, kare da mage sun zama 'yan'uwa." Ta dube su, ta taɓe baki, ta ce, "Zaman doya da manja dai." Ba ta ƙara komai ba.

To ni a nan na rikice. Doya da manja ai abinci ne mai daɗi, wa ya taɓa ganin sun yi faɗa? Kuma waɗanda ke kwana jiki da jiki, ta yaya za a kira zamansu haka? Ƙanena kuma ya ce ba wannan ba ce ta dace, "sabo turken wawa" ce. Wacce ce daidai?

Malam Na Zaure, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Hajiya ta fi ka gaskiya, Baban Sadik. Ba daɗin abincin ake nufi ba. Ɗauki yankin dafaffiyar doya ka tsoma a manja, ka fito da shi ja wur, sannan ka gutsura. Ciki fari fat. Man ya lulluɓe ta, amma bai ratsa ta ba. Kwano ɗaya, ido ya ga an haɗu, zuciya kuwa kowa da tasa. Abin da Bahaushe ya hango ke nan. Shi ya sa ake faɗin ta ga kishiyoyin da ke gaisawa da safe don idon maigida, ko 'yan uba da gado ya tara a gida guda.

Maman Iman, Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi bayaninka ba, amma yau ba haka ake amfani da ita ba. Kunna rediyo ka ji. In an ce ana zaman doya da manja tsakanin gwamna da mataimakinsa, ai kowa ya san ba sa ga maciji da juna, rigima ce a fili. Ba mai jin wannan ya kawo a ransa mutum biyu da ke kwance wuri guda suna jin ɗumin juna. In da Duna da magen suna hararar juna daga nesa, sai in yarda.

Sannan ni mai tuyar doya ce, shekarata tara a kanta. In doyar na da zafi ka murmushe ta da cokali, wallahi manja yana shiga har ya rina ta. Wanda ya ƙirƙiri maganar nan sanyayyar doya aka ba shi.

Malam Na Zaure, Ƙofar Doka:
Maman Iman, kin kawo mini hujja ba ki sani ba. Sai da kika murmushe ta sannan man ya shiga. Muddin doya tana nan a doyarta, ba ya ratsa ta. Batun rediyo kuwa, 'yan jarida sun ja maganar sun kai ta inda ba ta kai ba. Rigimar fili tana da nata sunan. Wannan ta zaman da ake yi ne ana haɗiye abu.

Bakano a Kwangila:
Ku dai Zage-zagi boko ya yi muku yawa. Wa ya ce muku kare da mage abokan gaba ne tun farko? A wajen Turawa kuka ji. Bahaushe in zai kwatanta gaba, mage da ɓera yake cewa. Shi kare da kura aka san shi, shi ya sa ake ce masa "kare ka mutu da haushin kura", ko da zomo, "karen bana shi ke maganin zomon bana". Ku kawo mini karin magana ɗaya tak ta kaka da kakanni da ta haɗa kare da kyanwa a matsayin maƙiya, in biya muku kuɗin shayi a unguwar PZ. A ƙauye kare na tsakar gida, mage na kan danga, kowa na harkarsa, ba wanda ya ɗauke shi abin labari.

Baban Sadik, Hayin Dogo:
Bakano, mun ji. Shekara nawa kana cin arzikin Zazzau kana zagin mu, ai kai da mu ne ainihin doya da manjan. Amma maganarka ta sa ni tunani, na lalubo ban samo ko ɗaya ba.

Anti Likita, Samaru:
Ni aikina duba dabbobi ne, bari in sa baki ta ɓangarena. Bakano yana da rabin gaskiya. Ba gaba ce ta gado a tsakaninsu ba, rashin jin yaren juna ne. Kare in yana kaɗa wutsiya, galibi murna yake ko zumuɗi. Mage in ta fara kaɗa tata da ƙarfi, ranta ya ɓaci, gargaɗi take yi. Kare in ya kwanta rigingine ya miƙa wuya ke nan. Mage kuwa takan yi wannan kwanciyar ne don ta samu faratan ƙafafunta huɗu su yi aiki. Ka ga Duna ya hango wutsiya tana motsi, ya ɗauka gayyatar wasa ce, ya tashi da tabo a hanci. Ƙari a kan haka, duk abin da ya ruga a gaban kare sai ya bi shi. Magen da ta tsaya ta yi masa tsawa ta fi wadda ta gudu tsira.

Abin da ya taimaki gidanka shi ne yadda suka zo. Ɗan mage yana koyon wanda zai amince da shi ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa, kwikwiyo kuma daga mako 3 zuwa wajen 12. Akwai binciken da aka yi a Jami'ar Tel Aviv aka wallafa a 2008, ya nuna an fi samun jituwa idan mage ce ta riga shiga gidan, kuma aka haɗa su tana ƙasa da wata 6, karen bai kai shekara ba. Har suka lura cewa waɗanda suka tashi tare suna koyon karanta alamun juna. Don haka ni ban yarda man bai ratsa ba. Dabba ba ta iya munafunci. Mage ba za ta rufe ido ta yi barci a jikin abin da take tsoro ba.

Tunda na samu dama: ka raba musu kwanon abinci, nata ka ɗora a sama inda ba zai kai ba, don a kan abinci aka fi ɓatawa. Kuma allurar haukan kare, daga wata 3 da haihuwa sannan duk shekara, har ita magen, tunda ita ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa da kai.

Abu Hafsat, Tudun Jukun:
Duk kuna ta doya da manja, ba wanda ya tambayi abin da ya kai kare gidan Musulmi har gindin murhu.

Malam Na Zaure, Ƙofar Doka:
Tambayarka tana kan hanya, amma a yi mata adalci. Mage dai ba magana. A Muwaɗɗa akwai hadisin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa mage ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Kare kuwa an yi izini da shi don farauta da kiwo da gona, wanda ya ajiye shi haka kawai ladansa na raguwa kullum. Gadin gida malamai sun yi saɓani, da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan waɗancan ukun in akwai buƙata. Masu sharhin Risala suna kawo labarin mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Mutumin da aka haura wa katanga sau biyu yana da abin faɗa. Sai dai a kiyaye kwanukan abinci da wurin salla, in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai, kuma kada ya shiga ɗaki.

Abu Hafsat, Tudun Jukun:
Na gamsu da batun gadi, Malam. Gindin murhun ne dai har yanzu bai kwanta mini ba.

Ɗan Autan Hajiya, Palladan:
Ni ne ƙanen da aka ambata, kuma ina nan kan bakata. Sabo turken wawa. Ba ƙauna ba ce, ba gaba ba ce, sun saba ne kawai. Ku kawo baƙuwar mage gidan Yaya ku ga abin da Duna zai yi mata. Na gani da idona ya kori ta maƙwabta har sai da ta haye bishiyar mangwaro.

Maman Iman, Sabon Gari:
To a cikinsu wane ne wawan? Ita wannan maganar ai ta zargi ce. Ana faɗin ta ga wanda ya liƙe wa abin da ba ya amfanarsa don kawai ya saba, kamar mai komawa wajen mai shagon da ke tauye masa mudu. Su waɗannan kowa na ƙaruwa. Ita ta samu bargo, shi ya samu abokin hira. In dole sai an nemo musu karin magana, ni "albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko" zan ce, don tun da Duna ya girma na tabbata ba muzurun da ya isa ya shigo ya dame ta.

Bakano a Kwangila:
Ku bar yabon magen nan haka. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai ce. Ɗumi take nema, ku jira zafin watan Afrilu ku gani ko za ta ko kalle shi. Wawan dai Duna ne, an mai da shi katifa yana murna.

Anti Likita, Samaru:
Ɗan Auta, korar ta maƙwabta da ya yi ai ita ce shaidar. Ya bambance tasu da ta waje. Wannan ya wuce a ce ya saba da mage, ita wannan ɗin ya sani.

Gwaggon Yara, Tudun Wada:
Tun jiya nake karanta ku ina dariya. 'Ya'yana, duk kun bi kare da mage kun bar mai maganar. Tsohuwa ta taso tun daga cikin gari ta zo gidan ɗanta, ya nuna mata dabbobi, ta taɓe baki ta yi magana guda ta yi shiru. Mu da muka aurar muka kuma karɓi surukai mun san irin wannan. Gugar zana ce. Baban Sadik, ba sai ka amsa mini a nan ba, amma ka tuna wa ke tsaye a tsakar gidan lokacin da ta faɗa, kuma wa ta kalla bayan ta gama kallon karen.

Maman Iman, Sabon Gari:
Gwaggo!

Malam Na Zaure, Ƙofar Doka:
In haka ne, fassarata ce ta tsaya. Ba a yin gugar zana da rigimar fili.

Baban Sadik, Hayin Dogo:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, kin sa na kasa barci. Mai ɗakina tana wurin, tana tankaɗe. Kuma gaskiya tun bikin ƙanwarmu da aka samu 'yar tangarɗa kan rabon kayan gara, gaisuwarsu da Hajiya ba ta wuce "ina kwana, lafiya lau". Ni na ɗauka ya wuce.

Da safen nan na kira Hajiya, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Hajiya, maganar doya da manjan nan, da su Duna kike ko da wasu?" Ta yi dariya har da tari. Ta ce in bar ta da shirme, ita tambayarta ɗaya: ta ga cikin magen ya yi nauyi, yaushe za ta haihu? Ɓeraye sun gama da ita a ɗaki, tana son ɗa guda. Ta ce kuma kada in aiko yara da shi, maman Sadik ta kawo mata da kanta.

Anti Likita, wata nawa mage ke ɗaukar ciki, kuma yaushe ake raba ɗan da uwar?

Anti Likita, Samaru:
Kwana 63 zuwa 65, wata biyu da 'yan kwanaki. Kada a raba su kafin mako 8. Kuma in ta haihu ka nesanta Duna da wurin, don mai jego ba ta san aboki ba, zai iya samun tabo na biyu.